Kuɗin gyaran ƙasa: wa ake biya, a kan wane aiki, kuma nawa?

Ɗan Mirya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga malaman gona da ma'aikatan gandun daji da ke cikinmu. Ana ta faɗin cewa a Amurka gwamnati na biyan manomi kuɗi duk shekara don ya bar gonarsa ta huta, ya rufe ta da ciyawa ko itace. Wasu kuma na cewa mu ma nan Nijar akwai irin wannan, wai har sunaye ake rubutawa.

Gonarmu ta gado ce, tana kudu da Mirya, hekta uku da ɗan wani abu. Kusan hekta guda ta zama fako, ko ƙarangiya ba ta fitowa, ruwa na sauka ya wuce, har ya fara yanka kwazazzabo ta gefen gabas. Sauran jigawa ce, tana ba da hatsi, sai dai yawan damin yana raguwa kowace kaka. Shin akwai kuɗin da hukuma ke ba mai gona don ya gyara ta ko ya hutar da ita? In akwai, ta wace ƙofa ake shiga? In babu, da me zan fara da hannuna kafin ruwa ya sauka? Allah ya saka da alheri.

Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam, Ɗan Mirya. An cakuɗa maka zance biyu ne, bari mu raba su.

Na Amurka gaskiya ne. Dokar nomansu ta 1985 ce ta kafa shirin, ma'aikatar noman ƙasar ke tafiyar da shi. Manomi zai sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, ya daina noma filin da ruwa ko iska ke saurin cinyewa, ya shuka masa ciyawa ko itatuwa. Gwamnati ta riƙa biyansa kuɗin haya duk shekara, ta kuma ɗauke masa har rabin kuɗin shukar farko. Wanda ya karya alkawari ya nome filin kafin wa'adi, sai ya mayar da abin da ya karɓa har da ƙari. Kusan dalar Amurka biliyan 2 suke kashewa a kai a shekara. Amma duba dalilinsu: hatsi ne ya yi musu yawa har farashi ya faɗi, rage noma riba ce a gare su. Mu kuwa a Magarya da Kance mutum sama da 100 ke zaune a kan kilomita murabba'i guda, saura ta ƙare tun tuni, kowane taƙin gona akwai bakin da ke jiransa. Ko an ba ka kuɗi ka bar gona, wajen sayen hatsin da ta saba ba ka za su ƙare, kuma da tsadar watan Yuli za ka saye shi.

Ba mu da wannan haya ta shekara-shekara. Abin da muke da shi, shi ne wanda mutanen karkara ke kira gina ka ci: a biya ka ladan aikin farfaɗo da ƙasar da ta mutu, da kuɗi ko da abinci. Ƙarfinka ake biya, ba gonarka ba. Kuɗin na fitowa daga kasafin gwamnati ta hanyar ma'aikatar muhalli da sashen yaƙi da ƙarancin abinci na ofishin Firaminista, ko daga Hukumar Abinci ta Duniya, ko Bankin Duniya, ko ƙungiyoyin agaji. Nijar ta ɗauki alkawarin gyara hekta miliyan 3.2 kafin 2030, wannan aikin yana cikin hanyoyin cika shi.

Ga lissafin da aka daɗe ana amfani da shi. Ranar aiki guda sefa 1,300 ce, wato jika ɗaya da dala sittin. Aikin rana kuma rabin wata uku ne ga mutum guda, wato ramuka uku masu siffar rabin da'ira da ake haƙawa don tare ruwan sama. Kwana 25 a wata ya ba da sefa 32,500 ga gida. Hekta tana ɗaukar rabin wata 313, ka raba da uku, kusan ranar aiki 104 ke nan, kuɗin leburanci kaɗai ya tasar wa jika 136, ban da iri da dashe da masu gadi. Wasu ayyukan sun ɗan ɗaga farashin, don haka a tambayi na wurin tun ranar taron farko, a kuma tambaya ko a kan rana ake biya ko a kan rami. Ana yin aikin ne da rani, daga Janairu zuwa Mayu, kafin shuka ta ɗauke hannun kowa.

Maganar ƙofar shiga kuwa, mutum ɗaya ba ya kai takardar neman a gyara masa gona. Gari ne ke nema. Mai gari da mutanensa su kai buƙata ofishin komin, wato ƙaramar hukuma, ma'aikacin muhalli na komin ya zo ya duba filin ya auna shi, a sa shi cikin tsarin ayyukan komin. Garuruwan da binciken bayan kaka ya nuna sun yi giɓin abinci su ake fara dubawa. In gari ya samu, a taron jama'a ake zaɓen ma'aikata: a kasa gidaje huɗu, masu hali, matsakaita, talakawa, da talakawa tilis, a fara da na ƙasa. Akwai kwamitin zaɓe, akwai kuma na karɓar koke. Rubuta suna kyauta ne. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya sa sunanka, cuta ce, ka kai ƙararsa gaban kwamitin koke.

Abin da zai ɗan sanyaya maka gwiwa shi ne, yawancin aikin a filin jama'a ake yin sa, makiyaya da dajin gari. Gonar mutum takan shiga idan fakon ya haɗa gonaki da yawa maƙwabtan juna har ya zama fili guda mai faɗi. Nan ma wasu ayyukan sukan sa sharaɗi: mai gona ya amince a rubuce zai ara wa marasa ƙasa wani yanki na wasu shekaru, tunda da kuɗin jama'a aka gyara. Don haka ka tuntuɓi maƙwabtanka da fakon ya shafa, ku je wurin mai gari tare.

Kafin diga ta taɓa ƙasa kuma, ka nemi takarda. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, na matakin gari shi ake kira Cofob, mai gari ne shugabansa. Yana ba da shaidar mallakar gargajiya, da ta saye, da ta kyauta, da takardun aro, haya da jingina. Fako ba shi da mai so. Ranar da ya yi kore, magadan da suka shekara ashirin ba su leƙo ba za su tuna da shi. Tunda gonarku ta gado ce, ku tara ƴan uwa a rubuta wane ne ke gyara, wane ne zai ci amfanin, shekara nawa.

Mai Awon Fili ya amsa:

Malam ya gama da zancen kuɗi. Ni kan fakon zan tsaya, don hekta guda ba ta fi ƙarfin gida ɗaya ba in an raba ta rani biyu ko uku.

Fara da bin ruwa. Ka tsaya a saman fakon, wurin da ruwa ke tasowa, daga can ake fara aiki a gangaro. Masu farawa daga ƙasa, kusa da kwazazzabo, ruwan farko mai ƙarfi yake kwashe musu komai, don ya riga ya tara gudu kafin ya iso.

Sai awon daidaito. Tiyo mai haske mai tsawon mita 10 zuwa 15, a cika shi da ruwa ba kumfa, a ɗaure bakinsa biyu a jikin sanda biyu masu zane iri ɗaya. Inda ruwa ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu, wuraren nan biyu tsayinsu ɗaya ne, sai a kafa turaku. A kan wannan layin ake jera ramuka. Awon ido shi ne ya fi kashe aiki: rabin watan da ya karkace, ruwa yakan taru a kunne ɗaya ya fasa shi.

Rabin wata na noma faɗin bakinsa mita 4 ne. Kafa turke, ɗaura igiya mai mita 2, zana rabin da'ira, bakin yana kallon inda ruwa ke fitowa. A haƙa cikin da zurfin santimita 15 zuwa 25, ƙasar da aka fitar a jera ta a bayan gantsarar ta zama kunya, a daddanna ta sosai, in akwai duwatsu a ɗora a kunnuwa biyu. Daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na gefensa mita 8, tsakanin layi da layi mita 4, kuma a saɓa su, kowane rami na layin ƙasa ya tare gurbin da biyun sama suka bari. Daga nan 313 ɗin ta fito: kowane rami yana da murabba'in mita 32.

Ga amfanin wannan tazara. Ruwan milimita 20 a kan murabba'in mita 32 lita 640 ne. A kan fako mai ɓawo babban kaso ba ya shiga ƙasa, gudu yake yi. Ramin da ya kai zurfin santimita 20 yana ɗaukar wajen lita 1,250, saboda haka yana tare ruwan sama ɗaya mai kyau ba tare da ya cika ya fashe ba. Filin da ke tsakanin ramuka kuwa kada a taɓa shi, kada a kafce shi, shi ne ke tara wa ramin ruwa. Wannan ne kuma ya sa rabin wata a jigawa ɓarnar ƙarfi ce: rairayi na shanye ruwa nan take, babu abin tarewa, iskar hunturu kuma ta cike ramin kafin damina. Hekta biyun nan naka na jigawa ba su buƙatar diga. Haka in gangarar ta wuce faɗuwar mita 3 a cikin mita 100, a fara da jerin duwatsu a sama don a karya gudun ruwa.

In fakon shimfiɗaɗɗe ne, tassa ta fi dacewa da hatsi. Rami mai faɗin santimita 20 zuwa 40, zurfi 10 zuwa 25, taku ɗaya mai kyau tsakaninsu, kusan rami 10,000 a hekta. Ƙasar da aka fitar a tara ta gefen gangara. Kowane rami a zuba masa taki cikin tafi biyu, wajen giram 300, hekta ta ci tan 3 ke nan. A zuba tun watan Afrilu ko Mayu a yayyafa ƙasa kaɗan a kai. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, ta nan ruwa ke nutsewa. Kada a kashe ta. Aikin na da nauyi, hekta na cin awa 300 ko fiye, shi ya sa na ce a raba.

Kurakuran da suka fi yawa: rami ba taki, wanda ba ya ba da komai sai laka, ɗanyen taki da bai ruɓe ba, wanda ke ƙone tsiro da zarar an yi kwana goma ba ruwa, da shuka a tsakiyar rabin wata inda ruwa ke kwanciya, hatsi kuwa ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Hatsi a gefe-gefe, dawa a wuri mai zurfi. Mai hali ya ƙara takin zamani ɗan kaɗan a gindin shuka, giram 6 na NPK 15-15-15 ko giram 2 na DAP, kilo 60 ko kilo 20 ke nan a hekta, yadda masu binciken cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore suka gwada.

Kwazazzabon gabas kuma kada a cika shi da ƙasa, ruwa zai kwashe. A jera duwatsu a gicciye, tsakiya ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta kai, a kafe gefunan cikin gaɓa, a dasa gamba a bayansu. In an tare ruwa a sama da kyau, rabin ƙarfinsa ya riga ya mutu.

Ɗan Mirya ya sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Mai Awo, Allah ya ƙara sani. To jigawar fa? Akwai toho na gawo da kalgo da sabara da ke fitowa, amma mutanenmu na sassabe su tun suna ƙanana, wai in itace ya girma ya zama na gandun daji, ko reshe ka sara sai tara. Sannan wani ɓangare na jigawar yana hannun wani maƙwabci da aka ara masa. Shi ma zai iya renon itace a ciki?

Hajiya ta Matamai ta amsa:

Ɗana, wannan tohon da kuke sassabewa ya fi duk kuɗin gina ka ci da za ka taɓa samu.

Tsoron mutanenku yana da tushe. Shekaru da yawa itace na hukuma ne ko a gonar wa ya tsiro, shi ya sa manomi ya ga gara ya kashe shi yana ƙarami. Amma abubuwa sun sauya. Dokar gandun daji ta 2004 ta buɗe ƙofa, sannan a 30 ga Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wato renon tohon itace a gona, wadda ta amince cewa wanda ya reni itace a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Gawo dai har yanzu yana cikin itatuwan da doka ta kare, saboda haka sare babba daga tushe sai an je wurin ma'aikacin gandun daji. Shawarata, ka gayyace shi tun yanzu ya ga gonar, ya san cewa kai mai reno ne, ya nuna maka irin sassaƙar da aka yarda da ita. Kare gawo ma ba baƙon abu ba ne a Damagaram, har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya sa wa mai sare shi.

Yadda ake yi: lokacin sassabe, ka bi kututturan da ke toho. A kowane ɗaya ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka share musu ƙananan rassa har rabin tsayinsu, kada ka wuce haka, in ka yi musu tsirara iska ko akuya za ta karya su. Da kaifin gatari ko lauje, kuma daga ƙasa zuwa sama ake yanka, don sara daga sama yana ɓare ɓawo ya bar rauni. Ɗaura ƙyalle a jiki don mai huɗa da yara masu neman itacen wuta su san da mai shi. Ƙaramin gawo a kewaye shi da ƙaya shekara biyu zuwa uku. Duk shekara a dawo a rage, a ƙarshe a bar ɗaya ko biyu su zama bishiya. Saiwar ta riga ta yi zurfi tun da daɗewa, shi ya sa toho ke tsere wa dashe nesa ba kusa ba, kuma ba ya neman ban ruwa.

Gawo na zubar da ganye da damina, bai hana hatsi rana, ganyen ya zama taki, da rani dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, ƴaƴansa kuma abincin tumaki ne da ake sayarwa a kasuwa. Je ka dubi hatsin gindin gawo ka gwada da na fili. Kalgo da sabara suna tare ƙasar da iska ke ɗauka, suna ba mata itacen girki a kusa, su kare tsiron hatsi daga rairayin da ke binne shuka har a yi ta sau biyu ko uku. Binciken da aka yi a 2006 a Magarya, Matamai da Mirya ya kiyasta kusan hekta miliyan ɗaya da manoma suka mayar da itace a kai. A ƙasa baki ɗaya ana maganar hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 tun daga tsakiyar shekarun 1980. Mafi yawan waɗannan manoma ba wanda ya biya su ko dala.

A nan ne nake da ja da tsarin biyan da Malam ya bayyana. Ana biyan rami, ba a biyan abin da ya rayu. Ranar da aka ƙirga ramuka aka biya, aiki ya ƙare a takarda, alhali a ƙasa ranar ya fara. Manomin da ya reni gawo arba'in shekara goma bai samu komai ba, wanda ya haƙa rami ya tafi ya samu. Da za a ware ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a riƙe shi, a dawo bayan damina biyu a ƙirga itacen da ke tsaye da ciyawar da ta rufe ƙasa sannan a biya, da an ga bambanci. Ƙasar Sin ta bi wannan hanya a shirinta na 1999 na mayar da gonaki daji, ta riƙa ba manoma hatsi da kuɗi shekaru a jere bisa sharaɗin dashen ya rayu.

Masu zuwa da zancen kuɗin iskar carbon kuma, wato ladan iskar da itace ke zuƙa daga sararin sama, a saurare su da natsuwa. An taɓa yi a ƙasar nan: garuruwa sun dasa dakwara da tallafin wani asusu na Bankin Duniya, an kuma biya su, amma sai da aka shafe sama da shekara goma tsakanin dashe da kuɗi. Kada gari ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba, a ji shekara nawa ce, wa ke da itacen, kashi nawa ne na gari, kuma ko an hana kiwo da sassaƙa a ciki.

Bagure ya amsa:

Hajiya ta taɓo inda ciwon yake. Ina ƙara abu guda da manoman kudu kan manta: dabba.

A yankin Gure aikin da aka fi biya shi ne tsayar da tudun rairayi da ke binne kwaruruka, inda dabino da rogo da kanwa suke. Ana kafa shinge na kaba ko kalimbo ko karan hatsi, tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a gicciye da iskar da ke busowa daga arewa maso gabas, a binne gindinsa wajen santimita 30. Inda iska ke juyawa sai a yi shi gida-gida. Shingen ya zama mai ƴan ƙofofi, iska ta ratsa ta rage gudu ta sauke rairayi. In aka cushe shi ya toshe, iska na tone gindinsa ta kayar. Da damina a dasa dakwara da kandili a cikin gidajen, a watsa irin ciyawa. Shingen shekara biyu zuwa uku yake yi ya ruɓe, in kafin nan tsiro bai kama ba, tudu ya ci gaba da tafiya. Kuma a lura da inda ake yanko kayan: in aka aske kalimbon wani tudu don a tsayar da wani, an tayar da sabo ne.

Duk wannan, da na fako da na tudu, gadi ne ke raya shi. Garke ɗaya a wuni ɗaya ya isa ya cinye dashen hekta goma. Wajibi ne a hana kiwo damina biyu zuwa uku, kuma kuɗin mai gadi ya shiga lissafi tun farko. Inda aikin ya ƙare aka bar gadi ba albashi, kwamitin gari ya sayar da ciyawar da aka yanka da kaka, ƙyasuwa da gadagi da burburwa, ya biya mai gadi daga ciki. A yanka bayan iri ya zuba, a bar kashi ɗaya cikin uku a ƙasa. In garmani ya fara shiga a tuge shi kafin ya yi ƴaƴa, don dabba ba ta damu da shi ba, yana kuma kore ciyawar kirki.

Amma hana kiwo ba ya yiwuwa da ƙarfi. Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ta tabbatar wa makiyaya ƴancin zirga-zirga, burtali da makiyaya na kowa ne. Filin kiwon da aka gyara da kuɗin jama'a yana nan filin kiwo, ba ya komawa gonar kowa. Inda aka gyara makiyaya sannan wasu suka shuka hatsi a ciki, rigima ce ke biyowa. A zauna da ardo da wakilan Fulani da Buzaye masu ratsawa tun kafin a fara, a nuna musu iyaka, a bar hanyar zuwa rijiya ko tafki a buɗe, a faɗa musu shekarar da za a buɗe filin da rabonsu a ciyawar. Kai ma Ɗan Mirya, bayan an saki gonaki da kaka dabbobi za su shigo, haƙƙinsu ne. Rabin watanka za su tattake kunyarsa, saboda haka gyaran kunya aikin kowane watan Mayu ne. Kashin da suka bari kuwa ka tattara shi cikin ramuka.

Malamin Gona ya ƙara da cewa:

Na yarda da Hajiya kan biyan abin da ya rayu. Sai dai a tuna gina ka ci yana da aiki na biyu: yana riƙe magidanci a gida da rani ya ciyar da iyali, maimakon ya sayar da akuya ko ya tafi ci-rani. Mai yunwar Afrilu ba zai jira damina biyu ba. Ladan rana ya tsaya yadda yake, na rayuwar itace ya zama ƙari a kai.

Saura tambayar aro. A al'ada mai aron gona ba ya dasa itace, don ana ɗaukar dashe a matsayin neman mallaka, shi ya sa masu aro ke sassabe komai. Maganinsa takardar aro a gaban Cofob, da shaidu. A rubuta cewa gonar ta gidanku ce, aron na shekara kaza ne, an yarda ya reni toho, itacen na gona ne, shi kuma yana da rassan sassaƙa da ƴaƴan gawo muddin yana noman wurin. A sa wa'adin ya kai shekara biyar ko fiye, don wanda ke tsoron a karɓe gona baɗi ba zai kai mata amalanken taki ba.

Ga yadda zan jera maka aikin bana. Yanzu, takardun Cofob da zama da ƴan uwa da maƙwabta. Janairu da Fabrairu, awo da tiyo da jera duwatsu a saman fako da cikin kwazazzabo. Maris da Afrilu, haƙa, ka ɗauki kashi ɗaya cikin uku na hektar kawai: rabin wata ɗari, ko tassa dubu uku, wadda za ta ci taki kusan tan ɗaya. Tara takin tun yanzu a rami, ana yayyafa masa ruwa ana juyawa don ya ruɓe. Sassaben jigawa kuma ka tsaya a kai da kanka, kada ka tura yara su kaɗai, don a ranar ce ake zaɓen tohon da za a bari.